Bizar Ɗan Auta

A cikinmu 'yan Kerala da ke zaune a garin Stoke, nan ƙasar Turawa, mata ne ke fara zuwa. Asibiti ya ɗauki mace aikin jinya, ta zo ta sha sanyi ita kaɗai shekara ɗaya ko biyu, ta kama gida, sannan ta aika wa miji takarda ya biyo ta da akwati cike da yaji da busasshen kifi. Bizar mijin a jikin ta matar take rataye. Shi ya sa in an tashi daga coci ranar Lahadi, maza suka taru a gindin tukunyar shayi, za ka ji suna tsokanar juna da 'yan rakiya. Injiniya ne kai a gida ko shugaban makaranta, oho, a nan dai ɗan rakiya ne kai.

Haka Linta ta zo, haka kuma mijinta Eldho ya biyo ta bayan shekara biyu. A nan suka haifi 'yarsu Hanna. A watan Maris Linta ta cika shekara biyar, aka ba ta takardar zaman dindindin, ta raba alewa a ɗakin marasa lafiyar da take aiki. Ta Hanna mai sauƙi ce, tunda haifaffiyar ƙasar ce. Saura Eldho, wanda shekararsa uku kacal, bizarsa kuma za ta ƙare a ƙarshen Afrilu.

Aikin takarda a gidan na Linta ne. Eldho zai kwance injin mota ya mayar, zai gyara famfon maƙwabta ba a roƙe shi ba, amma ka miƙa masa fom mai shafi uku, sai ya hau sosa ƙeya yana neman inda ya ajiye tabarau. "Ke dai cika, ki nuna mini inda zan sa hannu," abin da yake faɗa ke nan tun ranar da aka ɗaura musu aure.

Matsalar tana can gida Kerala, a garin Kothamangalam. Mahaifin Eldho, wanda duk gidan ke kira Appachan, ya faɗi a gonar robarsa a watan Oktoba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa maza biyu ne, Benny babba yana Kuwait, sai Eldho auta. A wurinmu kuwa ba a zama shawara a kan wannan. Auta ne ke gadon gidan da aka haife shi, shi ne kuma ke riƙe tsofaffin da ke cikinsa har su koma ga Allah. Eldho ya tafi, ya yi kwana ɗari da talatin da ɗaya yana jinya, sannan ya dawo, saboda mai bizar rakiya in ya wuce kwana ɗari da tamanin a wajen ƙasa cikin shekara guda, shekarun da ya tara suna iya bin ruwa. Ya bar tsohon a hannun wata mai jinya ta haya, Omana, ita ce ta uku da aka ɗauka.

Tun daga nan Benny bai bar shi ya sha ruwa ba. Kowace Lahadi sai ya kira.

"Gida kana so, gona kana so, tsohon ne ba ka so, ko?"

"Doka ce, Chetta," Eldho zai ce wa yayan nasa. "Ni na yi dokar? In na ƙara wata biyu a can, komai ya rushe."

"Dokar Turawa ta fi ubanka ke nan. To madalla."

Ranar Alhamis da Linta ba ta da aiki, ta ɗauki jakar takardu ta hau bas zuwa Hanley, wurin wata lauya mai suna Nasreen Dar, wadda rabin ma'aikatan jinyar garin suka bi ta ofishinta. Linta ta zaci aikin minti goma ne. Lauyar ta duba fasfo, ta duba tambarin shiga da fita, ta tambayi abin da ya kai Eldho gida har wata huɗu da ɗoriya. Da ta ji, sai ta ajiye biro.

"Hanya biyu ce a gabanku," in ji ta. "Ta farko, ya sabunta wadda yake kai, ta rakiya. Shekaru ukun da ya yi suna nan, saura biyu ya samu zaman dindindin kamar ke. Sharaɗin kwanaki kuwa kin san shi."

"Na sani. Saura masa arba'in da tara."

"Ta biyu, tunda ke yanzu mazauniya ce, yana iya komawa bizar aure. Albashinki ya kai abin da ake nema. Sai dai lissafi zai koma farko. Shekara biyar cif, ukun nan kamar bai yi su ba."

Linta ta yi dariya. "To wane mahaukaci ne zai zaɓi wannan?"

"Wanda ubansa ke kwance," lauyar ta ce, ba ta ko murmusa ba. "A bizar aure ba a yanka masa adadin kwanaki ba. Ba wai ya tafi ya ɓace ba ne. Dole a ga nan ne gidansa, yana zuwa yana komawa, kuma akwai takardar likita da ke nuna dalili. Amma ba wanda zai zauna da kalanda yana ƙirga masa kwana ɗai-ɗai."

"A ta farkon fa, ba sa ɗaga ƙafa in ciwo ne?"

"Sukan ɗaga, in mutum yana bakin mutuwa. Amma mai shanyewar jiki yakan yi shekara huɗu a kwance, ke ce nas, kin fi ni sani. Ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun wani jami'in da ban taɓa gani ba. Ki je ku yi shawara da maigidan."

A bas ɗin komawa Linta ta rungume jakar a cinya, ranta a jagule. Shekaru ukun ba su ne suka fi damunta ba. Aikinta awa goma sha biyu ne a tsaye, kwana huɗu a mako. Eldho ne ke wanke Hanna, shi ke ba ta abinci, shi ke tura ta a keke zuwa wurin wasa, sai Asabar da Lahadi da yamma ya je ya yi lodin kaya a wani sito. In ya tafi, wa zai riƙe yarinyar? Bayan wannan kuma akwai abin da ya fi, tsoro take ji. Ta ga mijin Jessy, abokiyar aikinta, da ya tafi jinyar uwarsa wai wata uku. Shekara huɗu ke nan, har ya sayi shanu a can. Gidan gado in ya kama auta ba ya sakinsa da wuri. Dokar kwanakin nan da kowa ke zagi, ita ce ta dawo mata da mijinta, Linta ta san haka sarai.

Ta tarar da shi a ƙasa yana haɗa wa Hanna jirgin ƙasa na katako.

"Me lauyar ta ce?"

"Ta ce a sabunta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Ichaya," ta ce, sunan da matanmu ke kiran mazajensu da shi. Ta wuce kicin ta ɗora ruwan shayi, duk da ba shayin take so ba.

Ranar Lahadi bayan sujada, tana cikin mata ana zuba shinkafa a faranti, ta hango Mathachan ya ja Eldho gefe.  Mathachan direban tasi ne, shekararsa ashirin a Stoke, kuma bai taɓa shiga ajin koyon shari'a ba, amma babu bizar da aka taɓa bugawa a ƙasar nan da ba shi da ra'ayi a kanta. Abin haushin kuma, sau da yawa yana da gaskiya. Ga shi yana magana yana karkaɗa yatsa, Eldho yana gyaɗa kai. Linta ta zuba wa wata tsohuwa miya har ta malala a tire.

"Me kuke ta ƙus-ƙus da Mathachan?" ta tambaya a mota.

"Wata tsohuwar mota yake so in duba masa. Ya ce tana tari da safe."

"Shi ma yana tari da safe, wa ya duba shi?"

Eldho ya yi dariya, ita ma ta yi, ta sauke ajiyar zuciya a ɓoye. A makon nan ta cika fom ɗin rakiya tsaf, shafi bayan shafi, a lokacin hutun cin abincinta. Ba abin da ya rage sai a danna a tura. Sau biyu tana kai yatsa, sai ta tuna wai ba ta sake duba lambar fasfo ba.

Ranar Juma'a da safe, kafin ta fita, suka kira gida ta bidiyo kamar kullum. Appachan yana kwance a gadon katakonsa kusa da taga, bakinsa a karkace, gemu ya fito masa fari fat, mutumin da a da ko gona ba ya zuwa sai ya yi aski. Omana ta ce ya ƙi cin abinci, ya ture kwanon da hannunsa mai lafiya. Linta ta lura da yadda yake yamutsa fuska in an taɓa zanin gadon.

"Omana, ɗaga mayafin nan. Juya shi kaɗan. Kawo wayar kusa. Ƙasa, wajen ƙugu."

Gyambo ne, faɗinsa ya kai bakin kofin shayi, tsakiyarsa ta fara baƙi. Linta ta ga irinsa ba adadi, ta kuma san abin da ke kawo shi. Mutum ne ake bari a ɓangare guda tun safe har dare. Omana ta hau rantsuwa, ta ce tsohon nauyi gare shi, ita kaɗai ba ta iya juya shi, in ta kira ɗan maƙwabta kuma sai ya hau zagi, wai ba zai yarda bare ya ga tsiraicinsa ba. Linta ba ta yi mata faɗa ba. Ta faɗa mata abin da za ta sayo a kantin magani da yadda za ta wanke wurin, ta ce a kira likita yau, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki. Ranar nan ta juya tsofaffi goma sha ɗaya, kowanne duk bayan awa biyu, tana rubuta lokacin a takardar da ke ƙafar gadonsa.

Asabar da hantsi Hanna ta yi barci. Lokacin babban azumi ne na kafin Ista, ba nama ba kifi, Eldho yana zaune a teburin kicin yana feraye rogo, za a ci da dakakken barkono da albasa. Linta ta buɗe kwamfuta a ɗaya gefen teburin. Kwana tara ke nan da zuwanta wurin lauya.

"Ichaya, ajiye wuƙar nan. Akwai wata hanyar."

Bai ajiye ba. Ta faɗa masa duka, yadda lauyar ta faɗa mata, ba ta rage komai ba: bizar aure, shekara biyar daga farko, babu ƙirgen kwanaki. Ta ce tun ranar Alhamis ɗin can ta sani, ta ɓoye.  Eldho ya gama feraye rogon da ke hannunsa, ya tsaga shi biyu, ya jefa a ruwa.

"Na sani," ya ce.

"Ka san me?"

"Bizar auren. Mathachan ya zana mini ita a bayan takardar waƙoƙin coci tun satin da na dawo. Ranar Lahadi ma tambayata yake ko na yanke shawara. Motarsa lafiyarta ƙalau."

Linta ta zuba masa ido. Kunya ta zo ta kama ta, kafin ta zauna haushi ya ture ta.

"Ka sani? Ka sani ka bar ni kwana tara abinci ba ya wuce mini maƙogwaro?"

"Ke kwana tara. Ni wata guda da rabi."

"To me ya hana ka buɗe baki?"

"Jira nake kada ki faɗa."

Ya ɗauki wani rogon, ya juya shi a hannu, ya mayar.

"Ba ki ga wata huɗun nan ba, Linta. Ke aikinki ne, kin iya, in lokaci ya yi kuma ki cire riga ki dawo gida. Ni ban iya ba. In ɗaga shi, in wanke shi, in share masa kashi, yana kuka yana zagina. Rabin lokacin ma da sunan Benny yake kirana. Benny da ya zo ya yi kwana shida ya koma da kwalbar zuma. Ranar da jirgi ya tashi da ni daga Kochi, kin san abin da na ji? Daɗi. Wallahi daɗi na ji, har na ci abincin jirgin nan duka, na karɓi na maƙwabcina." Ya goge hanci da bayan hannu. "Na ce a raina, ai ke ce mai cika takarda. In kin cika ta rakiya, ni sa hannu kawai na yi. Benny ya kira in ce doka ce. Appachan ya tambaya in ce doka ce. Ba ƙarya na yi ba."

"Wato ni in ɗauki alhakin, kai ka ɗauki biro."

Ya gyaɗa kai.

"Tabɗi. Ashe duka mu biyun a bayan ƙofa ɗaya muke ɓuya, kowa yana riƙe numfashi kada ɗan'uwansa ya ji." Ta juya kwamfutar ta tura masa har ta bugi kwanon rogon. "To wannan karon ba ni ba. Ga ta rakiya nan na cika, dannawa kawai ta rage. Ga ta aure nan, ko sunanka ban sa ba. Duk wadda ka zaɓa ba zan ce uffan ba, yau ko nan da shekara goma. Amma da yatsanka."

"Ke wacce kike so?"

"So nake ka zauna. Ka ji, na faɗa da bakina. Ban san yadda zan yi da Hanna ba, kuma ina tsoron gidan can ya haɗiye ka yadda na mijin Jessy ya haɗiye shi." Ta dube shi. "Kuma na ga gyambon nan jiya. In ba a samu mai juya shi duk bayan awa biyu ba, mutumin da zai yarda ya taɓa shi, ba zai ga Kirsimeti ba. Tambayata ka yi, na ba ka duka biyun."

 Eldho ya tashi ya wanke hannu, ya shiga falo yana ɗaga matasan kujera har ya samo tabaraunsa, ya dawo ya zauna. Ya kalli fom ɗin da ta cika, ya karanta shi tun daga sama har ƙasa, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya rufe shi ya buɗe ɗayan.

Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Linta ta ja kwanon rogon gabanta ta ci gaba da ferayewa. Ba ta taimaka masa ba, sai da ya tambayi ranar da suka fara haɗuwa, ta ce masa shekarar da ya rubuta ba ita ba ce. Hanna ta farka, aka ba ta abinci, ta zauna a cinyarsa tana ƙoƙarin danna masa abin da bai sa ta ba. Sai ƙarfe biyu saura ya kai ƙarshe. Ya ɗago ya dube ta, ita kuwa ta ƙi ɗagowa daga tukunya. Ya danna.

Suka kira gida, a can magariba ta wuce. Omana ta kara wa tsohon wayar a gaban fuska.

"Appacha, ina zuwa. Da zarar takardar ta fito zan taho."

Tsohon ya motsa baki da ƙyar, maganar tana fita rabi-rabi. "Kwana nawa?"

"Ba kwana ba ne wannan karon. Zan riƙa leƙo su nan in koma. Amma ina wurinka."

Appachan ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta ɓangaren da ya shanye, Omana ta share masa da bakin mayafi. Da ya buɗe idon sai ya ce a ba shi Linta. Ta goge hannu a jikin riga ta karɓi wayar.

"'Yata," ya ce, yana jan kowace kalma. "Na san aikinki ne. Wannan sakaran ina ya iya takarda. Ke kika nemo masa hanya. Allah ya yi miki albarka."

Linta ta dubi Eldho. Yana tsaye da Hanna a kafaɗa, idonsa a ƙasa.

"Amin, Appacha," ta ce. "Omana, kina ji na? Juya shi ɓangaren hagu yanzu, ina kallo."